A Duba Cibiya

 

A Amurka da Jamus da Ingila akwai manyan mutane, wasu da furfura har a gira, waɗanda ke kashe kuɗinsu da lokacinsu wajen tara 'yan ƙwallayen gilashin nan na wasan yara, waɗanda Turawa ke kira mabul. Suna da ƙungiyoyi, suna da littattafai masu hotuna, sukan kama otal su yi taro, kowa ya baje kolinsa a kan gado, ana bin ɗaki-ɗaki da tocila a hannu. Akwai gidajen gwanjo da suka sayar da ƙwallo ɗaya tak a kan dubban daloli. Na san wani a cikinku ya riga ya ce, "Ƙoshi ne." Ban musa ba. Amma ni da ban ƙoshi ba na shiga sahunsu daga nesa, shekara takwas ke nan, kuma ba kyan ƙwallayen ne ya riƙe ni ba. Tambaya ɗaya ce ta riƙe ni: ta yaya ake gane shekarun abin da babu rubutu ko ɗigo a jikinsa?

Tsohon kwabo mai huji yana ɗauke da shekararsa da sunan sarkin Ingila. Kan sarki yana da sunan ƙasarsa. Littafi ko bangonsa ya yage, takarda da haruffa za su tona shi. Mabul kuwa dunƙulen gilashi ne kawai, yawancinsa milimita 16, bai fi babbar gurjiya ba. Ba sa hannu, ba tambari, ba kwanan wata. Wanda aka yi a 1880 da wanda aka yi bara za su iya kwana a gwangwani ɗaya, kuma sau da yawa na baran ne zai fi ɗaukar ido.

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai alewa yana aiki ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Yakan manna ja da kore a jikin farar alewa, ya ja ta ta yi tsawo, ya murɗa, sannan ya dinga yanka ta gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa tana da wuri biyu da wuƙa ta taɓa, gaba da baya. To, haka ake yin mabul na hannu.

Akwai wani ɗan gari a cikin duwatsun jihar Turingiya ta Jamus, sunansa Lausha. Tun 1597 ake narka gilashi a wurin. Su ne suka yi suna wajen yin idon gilashi ga waɗanda suka rasa ido, da kuma ƙyale-ƙyalen da ake rataya wa bishiyar Kirsimeti. A shekarun 1840 wani daga zuriyar Greiner, ɗaya daga cikin gidaje biyun da suka kafa sana'ar a garin, ya ƙera wani irin almakashi wanda baki ɗaya ɗan kofi ne, ɗaya bakin kuma kaifi. Mai aiki zai ɗebo narkakken gilashi garai-garai a kan sandar ƙarfe, ya mirgina shi a kan siraran tsinkayen gilashi masu launi su manne, ya sake lulluɓewa da wani gilashin, ya ja ya yi sanda. Sai ya zafafa bakin sandar, ya murɗa, ya mulmula shi a cikin kofin almakashin, ya datse. Ƙwallo ya faɗo. Ya sake zafafa bakin, ya mulmula, ya datse. Kowane ƙwallo yana fitowa da tabo biyu, ɗaya a inda aka yanke wanda ya riga shi, ɗaya a inda aka yanke shi kansa. Masu tara mabul suna da sunan da suke kiran wannan tabo da shi a harshensu. Ni cibiya nake ce masa, domin nan ne aka raba shi da uwarsa.

Cibiyar ba iri ɗaya ba ce. Wata kaushi gare ta, farce yana kama ta. Wata mai aikin ya ɗan goga ta a dutse, sai ka ga 'yan fuskoki ƙanana idan ka karkata ta ga haske. Wata kuma an ɗan lasa mata wuta ta kwanta. Kuma akwai waɗanda ke da cibiya ɗaya kacal, domin ba daga doguwar sanda aka yanko su ba, ɗai-ɗai aka yi su a bakin ƙarfe. Amma ko wace iri ce, zaren launin da ke cikin ƙwallon yana tafiya ne daga cibiya zuwa cibiya, yana tsukewa a wurinta kamar bakin jaka da aka zuge. Idan ka ga tabo a gefe guda, zaren kuma ya nufi wani wuri daban, to ba cibiya ba ce, rauni ne, ko kuma wani ya ƙirƙira ta da gangan.

Jamusawa sun riƙe kasuwar duniya har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. Kafin nan ma ajalin sana'ar ya riga ya kunno kai daga garin Akron na jihar Ohayo, inda wani mutumin Denmak mai suna Martin Christensen ya sami takardar mallakar injin mulmula gilashi a 1905. Nasa na farko-farko har yanzu da hannu ake ɗebo gilashin, inji ya mulmula, shi ya sa launin yakan yi wata naɗiya mai kama da lamba 9 a ka. Daga baya aka kai ga injin da ke yin komai: narkakken gilashi yana zubowa kamar kunu, almakashin inji yana datsewa, gunduwar tana gangarawa a tsakanin ƙarafa masu juyawa har ta huce ta zama ƙwallo. Kamfanin Akro Agate, wanda ya koma Clarksburg ta Yammacin Bajiniya a 1914 ya kuma rufe a 1951, da Peltier a jihar Ilinoi, da Marble King wanda aka kafa a 1949, duk da irin wannan suka cika aljihun yaran Amurka. Na inji ba shi da cibiya. Abin da yake da shi shi ne ɗan layi kamar ɗinki, inda launi ya yanke ya naɗe. Sannan a shekarun 1950 Japan ta ɓarko da idon mage, wato garai-garai ɗin nan mai 'yan ganyayyaki masu launi a tsakiya, da araha har ta durƙusar da kamfanonin Amurka da dama. Yau kuma Meziko da Sin ne ke zubo su buhu-buhu. Idon magen nan shi ne yawancinmu muka sani muna yara, shi da wancan mara ado da ake samu idan an fasa gwangwanin fentin feshi.

Ba daga Turawa na fara koyon kallon gilashi ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan koli ne na tsofaffin duwatsun ado. Ya yi shekaru yana yawo tsakanin Kano da Agadas da Kumasi, yana sayen tsakiya da murjani a hannun tsofaffin mata, yana kai wa dillalan da ke sayar wa Turawa. Idan aka miƙo masa dutse ba ya kallon adonsa. Hujin yake leƙawa. Yakan ce zare yana cin bakin huji a hankali, shekara da shekaru, ta gefen da nauyi ke ja, kuma dutse yana cin ɗan'uwansa a inda suke gogar juna a wuya. Mai son ya tsofar da sabon dutse zai iya birkiɗa shi a yashi, ya shafe shi da laka da manja, amma ba zai iya shiga cikin hujin ya yi aikin shekara saba'in ba. Da na fara bin masu tara mabul a intanet sai na tarar magana ɗaya suke yi da Kawu, wurin dubawa ne kawai ya bambanta. Alaƙar ma ta wuce haka, domin masu tara tsakiya sun san wani nau'i mai huji da ake kira tsakiyar mabul ta Jamus, mai irin murɗaɗɗen zaren nan a ciki, wanda ya shigo Afirka tare da duwatsun Benis da na Bohemiya.

Bara waccan Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, biyu daga ciki ƙanana ne, 'ya'yan amarya, babbar ba ta gama firamare ba. Da aka zo fitar da kayan ɗakinsa don rabon gado, a ƙasan adaka aka sami wani tsohon gwangwanin madara cike da mabul, guda 47.

Kun san yadda labari ke kumbura a gidan rasuwa. Kafin magariba an ce lu'ulu'u ne. Kafin isha an ce wani Bature ya taɓa taya su da kuɗin mota, Kawu ya ƙi. Mun ga irin wannan zazzaɓi a kan tsohon keken ɗinki da tsohon dutsen guga, inda mutane suka yi ta farfasa kayan iyayensu suna neman wani sinadari da babu shi. Wani dillali kuma, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo gaisuwa, ya ɗaga gwangwanin ya girgiza, ya ce kayan wasan yara ne, amma don zumuncinsa da marigayi zai ba da wani abu ya kwashe duka. Girgizawar nan har cikin haƙorina na ji ta. Malamin da ke rabon ya ce shi bai san gilashi ba, amma ya san akwai haƙƙin marayu a ciki, don haka ba za a raba ba, ba za a sayar ba, sai an yi wa kowane ɗaya ƙima. Inna, uwargidan Kawu, ta nuna ni da baki.

"Ga ɗan ƙanwarsa nan. Kullum kansa na cikin waya yana kallon irinsu. Yau dai wasan ya yi rana."

Na shimfiɗa farin tawul a kan tabarma don kada su gangara, na kawo ruwan ɗumi da ɗan sabulu, da tocila, da madubin masu gyaran agogo, da ɗan ma'aunin kauri. Aikin bai da wuya a farko. Guda 29 idon mage ne da 'yan'uwansa na inji, sumul, launi kar, irin wanda ake samu a kowace kasuwa. Guda 8 kore-kore ne marasa ado, na gwangwanin fenti ko na wuyan kwalba. Wani Baturen Ingila mai suna Hiram Codd ne ya fito da kwalbar lemo mai ƙwallo a wuya a 1872, iskar lemon ce ke tura ƙwallon ya toshe baki, kuma har yau ana irinta a Indiya da Japan, saboda haka ganin ƙwallon kwalba ba ya nufin tsufa. Wannan 37 ke nan, duka ba su kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba.

Guda 5 na yumɓu ne, masu ruwan ƙasa da shuɗi mai sheƙi, kowanne da 'yan tabo zagayayyu kamar idanu, inda ya jingina da ɗan'uwansa a cikin tanderu. Tsofaffi ne na gaske, amma an yi su da yawan da ya sa ba su da tsada. Masu tarawa suna kiransu Bennington, sunan wani gari a jihar Bamont ta Amurka da ya shahara da tukwane masu irin wannan sheƙi, alhali a Jamus aka yi su. Wannan sana'a cike take da sunaye masu ɓad da mutum. Akwai masu ɗigon zinariya a ciki da ake kira Lutz, sunan Nicholas Lutz, wani Bafaranshe da ya yi aikin gilashi a Masacusets, alhali su ma na Jamus ne, zinariyar kuma garin jan ƙarfe ce. Akwai masu ɗan mutum-mutumin dabba a tsakiya, mai ƙyalli kamar azurfa, waɗanda sunansu ke nuna farar wuta, alhali farin yumɓu ne, ƙyallin kuma siririyar iska ce da ta maƙale tsakanin yumɓun da gilashi. Wanda ya sayi suna a wannan kasuwa ya sayi iska.

Guda 2 na injin Amurka ne, fari da ja a cakuɗe. Ƙananan kamfanoni da yawa a Yammacin Bajiniya sun yi irinsu da inji iri ɗaya, har su kansu ƙwararrun sukan tsaya a sunan jihar kawai, ba su jingina su ga kamfani. Nan na tsaya ni ma.

Saura 3. Su ne suka sa na gyara zama.

Na farko ƙarami ne, tsakiyarsa ta rabu gida uku kamar ƙyallaye, cibiya biyu, jikinsa lafiya. Na biyu ya ɗan fi shi, farar raga ce a tsakiya mai siraran zare, da ratsin ja da shuɗi kusa da fata, amma ya sha wasa har ya yi hazo. Na uku shi ne babba, milimita 38, irin wanda ake kira ɓawon albasa: farin ƙasa a ciki, an yayyafa masa ja da kore an ja su daga cibiya zuwa cibiya, sannan an lulluɓe da gilashi garai. Da na mirgina shi a kan faranti sai ya yi ɗan ɗingishi, domin hannu ba ya mulmula abu ya zama daidai ta ko'ina. Cikin gilashin akwai 'yan kumfa dogaye da suka bi hanyar murɗin. Gilashin kansa ba fari tas ba ne, yana da ɗan duhu-duhu. A gefe yana da ɓalli ɗaya kamar ƙwayar gero, da jinjirin wata biyu. Jinjirin wata shi ne ɗan tsagin da ke fitowa a ƙarƙashin fata idan wani ƙwallon ya buge shi da ƙarfi. Farce ba ya jin sa, sai tocila ta nuna shi.

A nan ya kamata in ja kunnen mai sha'awa. Cibiya ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Akwai masu fasahar gilashi na zamani da ke yin mabul da hannu, masu gaskiyarsu sukan sa hannu a jiki, gilashinsu kuma tas yake kamar ruwan randa, ba kumfa. Akwai kuma marasa gaskiya da ke yin sabo, su yi masa cibiyar ƙarya, su birkiɗa shi a yashi. Irin wannan hazonsa bai ɗaya ne ta ko'ina, kamar an shafa masa hoda. Wanda yara suka yi wasa da shi kuwa raunukansa ba sa'o'in juna ba ne: wani babba, wani ƙarami, wani bakinsa ya daɗe ya lallashe, wani da sauran kaifi. Wasu suna dogara da shuɗiyar fitilar nan ta duba jabun kuɗi, wai idan gilashi ya yi kore a ƙarƙashinta tsoho ne. Fitilar tana faɗin abin da aka zuba a gilashin ne, kamar yuraniyom ko manganis, ba ta faɗin shekara, kuma har yau ana yin gilashi mai yuraniyom. Sai shaidu sun haɗu, cibiya da zare da kumfa da launi da rauni, kowanne ya gaskata ɗan'uwansa.

Babban ɗan Kawu taubashina ne, ba ma raga wa juna. Da ya ji cewa ukun nan na hannu ne daga Jamus, kuma sun haura shekara ɗari, sai ya ɗauki ɓawon albasar ya ɗaga shi ga rana.

"To ai shi ke nan. Gobe in kai shi wurin masu wanke fitilar mota, su bi shi da samfefa su goge wannan ƙazantar, ya fito fes."

"Ka ajiye shi, Yaya. Ƙazantar ita ce kuɗin."

"Kai dai ƙauyanci bai bar ka ba. Wa zai sayi abu da tabo?"

Na yi masa bayani, kuma bari in maimaita a nan, domin wannan ita ce ɓarnar da aka fi yi wa tsofaffin kaya da kyakkyawar niyya. Goge mabul yana nufin a cinye fatarsa har a wuce zurfin raunin. Abu na farko da ke tafiya ita ce cibiya. Sannan kumfan da ke kusa da fata sukan buɗe su zama 'yan ramuka masu kaifin baki. Ratsin launin da ke sama-sama yakan katse. Girman yakan ragu. Abin da zai rage ƙwallo ne mai santsi, mai ƙyalli, wanda ba shi da sauran bakin da zai faɗi ko shi wane ne. Masu tarawa suna gane gogagge, kuma suna karya masa farashi ƙwarai, wasu ma ba sa taɓa shi. A wurinsu mafi daraja shi ne wanda bai taɓa jin rauni ba, sai mai rauninsa na asali, gogagge yana can baya. Wanda ya goge ya kuma ɓoye cewa ya goge, sunansa ya ɓaci a cikinsu.

Ya ajiye, amma bai haƙura ba. Da daddare ya same ni a zaure da wata dabarar.

"Kai marubuci ne. Ka rubuta mana cewa daga fada ya fito. Wani Baturen mulki ne ya ba sarki kyauta lokacin zuwan Turawa, sarki ya ba kakanmu. Ka sa masa gishiri yadda kuka saba."

"Wane sarkin?"

"Ko wanne. Ƙaryar da kuke shirgawa a littafi fa? Wannan ce za ta gagare ka?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya, domin ba ta wauta ba ce, kuma na tabbata da yawanku an taɓa jefa muku irinta. Amsar da na ba shi ita ce, wanda ya sayi littafina ya san ƙagaggen labari ya saya, da yardarsa muka shiga. Wanda zai sayi ƙwallon nan a kan labarin fada bai yarda da komai ba, kuɗin da zai ƙara kuwa za su shiga cikin rabon yara biyu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ban da haka ma, labarin ba zai yi aiki ba. Mutanen nan sun ji irinsa har sun gaji: kowane ƙwallo daga akwatin kaka ya fito, kowanne an tono shi a filin yaƙi. Akwai ma wasu na yumɓu da aka yi ta sayarwa da sunan na zamanin yaƙin basasar Amurka, waɗanda suka zama abin dariya a tsakaninsu. Da zarar labari ya yi daɗi da yawa sai su ƙara matso da madubi. Gilashin ya faɗi inda aka yi shi da yadda aka yi shi. Bai faɗi hannuwan da ya ratsa ba, kuma duk wanda ya cike wannan gurbi ba da takarda ba, ƙagawa ya yi.

Abin da na rubuta a madadin haka bai kai layi shida ba: na hannu, irin na Jamus, ɓawon albasa, farin ƙasa da ja da kore, milimita 38, cibiya biyu ba a taɓa su ba, ɓalli ɗaya, jinjirin wata biyu, ƙananan ƙarce ko'ina, ba a goge ba, an same shi a kayan wani ɗan kolin duwatsun ado a Kano. Na fi awa ɗaya a kan waɗannan layuka. Sau uku ina rubuta "ɗan ƙaramin ɓalli" ina sharewa, domin "ɗan ƙarami" roƙo ne, ba awo ba. A ƙarshe na auna shi na sa milimita 2. Na ɗauki hoto shida, har da na cibiyoyin da na raunukan, da tocila daga baya don jinjirin watan ya fito sosai.

Sai kuma wata matsala da ta taso daga cikin raina. Ina son ƙwallon nan. Shekara takwas ina kallon irinsa a hoto, yau ga shi a tafin hannuna, kuma ni ne aka ce in faɗi kuɗinsa. Duk adadin da na faɗa babu mai musa mini a gidan. Na gaya wa Malam haka a gaban kowa. Ya ce to mai sha'awar saye ba ya yanka farashi, a nemo wasu. Na tura hotunan da bayanin ga mutum biyu daga cikin masu tarawa da na daɗe ina bibiya, waɗanda ba su san juna da ni ba sai a rubuce, ban kuma gaya wa ɗaya abin da ɗayan ya ce ba. Ƙimarsu ta zo kusa da juna. Ba kuɗin mota ba ne, ko kusa. Raunukan sun rage shi sosai, kuma idan aka cire kuɗin aika shi ƙasar waje abin da zai saura bai taka kara ya karya ba. Amma shi kaɗai ya ninka abin da dillalin nan ya taya gwangwanin duka sau da yawa. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa kada a sake ajiye shi tare da sauran, kowace girgiza sabon rauni ce.

Gidan ya yi tsit da aka karanta adadin. Wata daga cikin 'yan'uwa ta ce ita dai ba ta yarda ba, ai Turawa ba za su faɗi gaskiya ba tunda so suke su saye. Inna ta ce mata waɗannan ba su ce za su saya ba, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ita tun da ta ga gwangwanin a ƙasan adaka ba a cikin ɗan akwatin ƙarfen da yake kullewa ba ta san ba dukiya ba ce.

Malam ya shigar da ƙimar goman nan cikin lissafi. Na yumɓu da na Amurka suka faɗa rabon manya, taubashina ya karɓi mai farar ragar yana cewa zai sa a gaban mota, na ce idan na ga samfefa kusa da shi sai mun yi shari'a. Ɓawon albasar ya faɗa rabon babbar 'yar amarya. Na nemi a sayar mini a kan ƙimar da aka yanka, uwarta ta ce a bari yarinyar ta girma ta yanke da kanta. Na naɗe shi a auduga, na sa a kwalbar man shafawa da aka wanke, tare da 'yar takardar bayanin nan da kwanan wata, na miƙa mata.

Sauran 37 ɗin magada suka yafe, aka juye wa yaran gidan a tsakar gida. Ba su san dokar wasan Turawa ba, sai suka haƙa 'yan ramuka suka mai da shi nasu. Kafin la'asar wani ƙanen taubashina ya kawo mini wani idon mage yana kuka, wai ya fashe daga ciki. Na haska masa tocila, na nuna masa jinjirin watan, na ce bai fashe ba, ya koma ya ci gaba da wasansa.